Lemuel Haskett, Gawar Haya

Shekara goma sha tara Lemuel Haskett ya yi yana mutuwa a Los Angeles, kuma ya iya mutuwar. Duk fim ɗin kisan kai da ake neman gawa, shi ake kira, don yakan riƙe numfashi minti biyu cur, ko ƙuda ya sauka a kunnensa ba ya motsi. Sai dai gawar kullum rub da ciki take, ko lulluɓe da mayafi. Takalminsa ya fi fuskarsa suna.

Matarsa Odessa ce ke goge masa kwat, domin ire-irensa da tufafinsu suke zuwa aiki. Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa a duniya: ta ga fuskarsa a majigi kafin yanar idonta ta gama rufewa.

Ran nan, a 1947, wanda zai fito a makashi ya sha ya yi tatul, darakta ya waiga ya ce, "Kai, Gawa! Tashi, yau kai za ka kashe wani."

Lemuel ya karɓi bindiga. Mai ɗaukar hoton, wani sarkin son duhu, ya kashe fitilu ya bar guda a ƙasa, ya ce wa Lemuel: "Ja baya kaɗan. Ƙara. Yawwa, tsaya nan!" Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kwance ina zai san iyakar idon kyamara? Ya yi ta ja, har da godiya.

Da fim ya fito, ya kai Odessa sinima da rana, suka zauna a layin farko. Wurin da zai fito ya zo. Ga bango, ga wata ƙatuwar inuwa da hula da bindiga. Inuwar kaɗai aka ɗauka, shi an tura shi waje, ba ya cikin hoton.

Odessa ta damƙe hannunsa. "Nan ne, Lem? Ka fito?"

"Na fito."

"Wayyo, ni baƙi kawai nake gani. Idon nan ya ci amanata, na makara." Ta share hawaye. "An ga fuskar sosai?"

Ya san idonta bai yi ƙarya ba, baƙin ne kawai a majigin. Ya ce, "Sosai."

Sannan ya riƙe numfashi, kamar yadda ya saba, don kada ta ji kukansa.