Tokar da Ba Wanda Ya Zuba

A duk shekarun da na yi ina aikin nan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda na shiga gonar Inna Hansai, a wani ƙauye kusa da Fagam. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, an turo ni daga Birnin Kudu, ba ni da abokin hira sai babur ɗina. Aikinmu a ƙarshen damina shi ne mu zaga gonaki mu duba cuta, mu kai wa shugaban sashe rahoto a Gwaram.

A hanya na ga tafasa da lalon bakin daji sun yi fari fat, kamar an barbaɗa musu gari. Fumfuna ce da ke fara kama ciyayi masu fure, sai iska ta kai ta kan kuɓewa da riɗi, ganye ya bushe, 'ya'ya su tsumbure. Na bi sawunta har cikin 'yar gonar kuɓewar tsohuwar.

Inna Hansai ita kaɗai take zaune. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna can Kudu. Ta tare ni da fara'a.

"Malam, ka gani? Wani bawan Allah ne yake zuwa yana zuba mini toka saboda ƙwari. Ban san ko waye ba, amma kullum sai na sa masa albarka."

Haka ake yi a yankin, ana barbaɗa wa ganye toka. Wallahi na so in yi shiru. To amma in na yi shiru, kuɓewar da za ta busar ta yi miya har bazara ta salwanta.

Na ce, "Inna, ba toka ba ce, cuta ce. Har tafasar daji ta kama, kuma ba mai zuba wa tafasa toka."

Ta kalli ganyen ta ce, "To. Ashe ba mai zuwa."

Ko magani ba ta tambaya ba. Tausayinta ya kama ni.

Na tsinke ganyen da ya kamu na ƙone, na nome ciyawar gefe, na dawo na yi feshi. Yawancin kuɓewar ta tsira. Bayan an gama feshi ma ban daina zuwa ba.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, gane cuta ba wuya, an koya mana a makaranta. Amma in kun faɗa wa manomi gaskiya, kada ku yi saurin tayar da babur. Ku zauna tukuna, don wani ba gonarsa kaɗai ke bukatar a leƙa ba.