Tumbina Ya Je Awo Maradi

Ana sallame sallar asuba muka bar Dakoro, ni da mai ɗakina, a motar da ta ɗauko mutane da awaki daga garin Bader Goula, za mu Maradi awo a asibiti. Da, kuɗin kujera biyu direba ke karɓa a hannuna. Ran nan ya dube ni sama da ƙasa, ya karɓi na guda. Na ji daɗi kamar an ba ni sarauta.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni mai hemofili ne, ciwon nan da jini in ya fara zuba ba ya son tsayawa. Tun ina yaro aka hana ni noma da kokawa, lakwal ma, wato makarantar boko, ban daɗe ba don gudun bulala. Na zama dillalin dabbobi, ina zaune a inuwa, fura a dama, tsire a hagu, har na fi sa mai ƙiba kyan gani. Bara lokotoro, wato likita, ya ce tansiyota ta hau, hawan jini ke nan, zuciya ta gaji, kuma maganin tsinka jinin da ake ba masu ciwon zuciya, ni yana iya kashe ni. In tumbi bai ragu ba, zai hana ni zaman kasuwa. Tun daga nan nake taka sayyada bayan awakina kullum safe, a hankali saboda gwiwa.

Gero ya yi kyau har Kornaka. Can masu ƙosai suka kewaye mota. Na miƙa hannu, mai ɗakina ta yi gyaran murya, hannun ya koma sosa kunne.

A Maradi muka sauka gidan yayata. Tana ganina ta dafe ƙirji.

"Auta! Wa ya tsotse ka haka? Ke, abinci kika hana mishi?"

"Yaya, lokotoro ne."

"Lokotoron ya haife ka?"

Ta dire tuwon shinkafa, man shanu na iyo a miya. Ƙin abincin yaya zagi ne, cinye shi kuma gobe sikeli zai tona ni. Na ci loma kaɗan ina kukan zuci, na ce ta raka ni ta yi wa lokotoron faɗa da kanta.

Washegari ta kuwa zo da shirinta. Na hau sikeli har da cire hula. Kilo ya sauka, tansiyo ta kwanta, ya ce in ci gaba da kasuwata! Yaya ta buɗe baki za ta fara, ya ce, "Hajiya, kawo hannunki mu gani." Da ya auna, tansiyo tata ta fi tawa ta bara. Da takardar magani ta fito.

Mun iso Dakoro da la'asar, abokai na yi mini sannu da rama, ina amsawa da dariya. Abin da na koyo: ido na dillali ya san ƙibar rago, amma bai san me ke cikin ƙirjin mutum ba. Yaya ta aiko in gaya mata ƙarfe nawa ake fita yawon nan.