Ruwa Ya Yi Gyara

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ba su suka yi laifin ba. Abin da ya kamata ku sani, ku samari, shi ne ni haifaffen Kusfa ne a cikin birnin Zariya, ɗan gidan malamai, kuma akwai ran mutum a wuyana. Akwai kuma wata magana da na ɓoye wa alƙali, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Sana'ata ɗinkin babbar riga, aikin hannu, irin wanda mutum zai yi wata biyu a zaure yana bin aska takwas da allura. Ina da matata Hajara, ina da rufin asiri daidai gwargwado. Ban taɓa ɗaukar ko zaren wani ba. Da idanuna suka fara yaji saboda duƙo, sai wani likita ya ce in riƙa fita ina kallon nesa. Haka na sayi fatsa, na riƙa hawa babur ran Lahadi ina zuwa wani ƙauye mai rafi, tafiyar kamar awa guda daga ganuwa. Nishaɗi kawai ya kai ni.

Ranar farko wani siririn tsoho ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan birni, kifinmu ba ya cin ƙugiya tsirara." Ashe tanar da na sa tuni ta zame. Shi ne Sarkin Ruwan garin. Ya koya mini yadda ake soke tana, ya ce in je ofishin gona na ƙaramar hukuma in karɓo takardar izini, sannan ya ce, "Takarda ta gwamnati ce, mu ma muna da namu sharaɗin. Kifin da bai kai tafin hannunka ba, mayar da shi. Ragar da yatsu uku ba su shiga idonta, ba ta shiga ruwan nan. Magani kuwa ko magimfa ta kakanninmu mun hana, balle na kwalba."

Ya nuna mini wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin wata kanya, an kafa turke a bakinsa an ƙulla masa ciyawa. Ya ce daga ruwan fari har a gama girbi gurbin a ɗaure yake, don a nan kifi ke ƙwai, sai ranar su, wato kamun kifin gayya, ake kwance shi kowa ya shiga. Na ce cikin raha, "To Baba, in ba ka nan wa ke gadi?" Ya ce, "Ruwa yana da masu shi." Na ɗauka iskokai yake nufi. Na yi dariya a raina, ni ɗan malamai, wai a tsorata ni da ƙullin ciyawa.

Ƙasa da gurbin kaɗan akwai mashayar da mata ke ɗibar ruwa. A nan na san Inna Kande, yayar Sarkin Ruwa. Yanar ido ta rufe mata gani, amma ƙafarta ta haddace hanya, kuma da murya take gane mutane. Takan zo da tsakar rana lokacin da babu turereniya, da ɗan tulunta da ƙoƙo. Sau da yawa takan kwance bakin zane ta ba ni dafaffiyar gyaɗa, ta ce, "Ɗan nan, ka kai wa amarya."

Lalacewata ta faro ne daga wata 'yar ƙarfasa da ba ta kai tafin hannu ba. Na duba hagu na duba dama, na jefa ta a jaka. Babu abin da ya faru. Mako na gaba na tsaya bayan turken, na wurga fatsa cikin gurbin, ina ce wa kaina ai ƙafata ba ta ƙetare ba. Tarwaɗar da na ciro ranar, sai da maƙwabta suka leƙo kallo. Wata mai tuyar kifi a Tudun Jukun ta ce duk abin da na samo in kawo mata. Daga nan nishaɗi ya ƙare. Na ɗauki gidan sauron da aka ba Hajara a asibiti wajen awo, na ɗinke shi ya zama raga, ni da nake gwanin allura. Idonta ko tsinke ba ya shiga, har 'ya'yan kifi masu kamar ƙaya take kwasowa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na san karin maganar tun ina yaro, amma a lokacin gani nake wayo ne.

Ƙauyen ba su da masallacin Juma'a, sai maza su tafi garin gaba, mata su shige gida. Na lura da haka, na mayar da zuwana ran Juma'a. Ni da nake ɗan mai jan sahu, na koma lissafin lokacin huɗuba don in yi sata. Wata rana a kasuwa na ji ana hirar yadda wasu ke zuba maganin feshin gona a ruwa, kifi ya taso da kansa. Na sayi kwalba biyu.

Tsakiyar damina ce, amma ranar rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Na tsaya saman gurbin na tuttule kwalaben duka. Ruwan ya yi wani fari-fari kamar an wanke ƙwaryar nono, sannan ya koma yadda yake. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Kwaɗin da ke kuka a cikin ciyawa suka ɗauke gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa. Tsuntsayen da ke kan kanya suka tashi ba tare da kuka ba. Sai kifi suka fara tasowa, ciki sama, ɗaya bayan ɗaya, har fuskar gurbin ta rufe da fari. Manya da ƙanana, da waɗansu irin da ban taɓa sanin suna ruwan ba. Ƙurungu suna ta wani gurnani a bakin gaɓa kamar tsofaffi masu nishi. Duk da haka na shiga ina cusa su a buhu.

Ina cikin haka na ji bul-bul-bul, ƙarar tulu yana cika. Na ɗaga kai. Inna Kande ce tsugune a mashaya, ruwan da ya ratso gurbin yana bi ta gabanta. Ta ajiye tulun, ta kamfato da ƙoƙo, ta kai kusa da baki, sai ta tsaya. Ta shinshina. Ta juyo da fararen idanunta daidai inda nake, don ta ji motsina.

Ta ce, "Wane ne a nan?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Au, ɗan birni ne. Malam, yaya ruwan?"

Kun san yadda muke gaisuwa da damina. A ce maka yaya ruwa, ka ce ruwa ya yi gyara, ko da ya rushe maka katanga. Amma Inna ba gaishe ni take ba. Ƙoƙo na hannunta, hancinta ya gaya mata wani abu, tana tambayar mai ido ne. Na san haka sarai. Kalma ɗaya ta isa, in ce mata zubar. Amma in na ce zubar za ta ce don me, kuma buhuna bai cika ba.

Na ce, "Ruwa ya yi gyara, Inna."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "To madalla." Ta yi bismilla ta sha. Ina tsaye ina kallo ta ƙara kamfata ta sha, ta shafe fuska da sauran, ta ɗora tulu a ka ta kama hanya.

Na kai kifin Tudun Jukun, na dawo gida. Hajara ta kawo mini ruwa daga randa, na kai baki sai na ji warin maganin. Na sa ta wanke randar, ta sake cikawa, warin yana nan, ita kuwa ba ta jin komai. Kwana uku ban iya riƙe allura ba. Ina zaune a zaure da rana tsaka sai in ji bul-bul-bul a bayana, in waiga, bango ne kawai. Rana ta huɗu aka yi ruwa da safe. Wani maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, yaya ruwa?" Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ya tsaya yana kallona, ya ɗauka ciwo ne.

A yammacin ranar Sarkin Ruwa ya yi sallama a ƙofar zaurena, da 'yan sanda biyu a bayansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an yi jana'izar Yaya jiya. Ya ce mutum huɗu na gidan da suka sha daga tulunta suna kwance a asibiti, shanun Fulani sun mutu a mashaya, kuma kafin ta cika ta faɗi muryar wanda ta ji. Sannan ya ce, "Ka tambaye ni wa ke gadi, na ce maka ruwa yana da masu shi. Su ke nan, ɗan birni, masu shan sa."

A kotu na amsa laifin zuba magani, don ga kwalabe an tsinto, ga mai tuya ta ba da shaida cewa masu sayen kifinta sun yi ta amai. Da aka zo kan maganar Inna sai na ce wallahi gaisuwa na ɗauka, ban ga lokacin da ta sha ba. Babu wanda ya iya ƙaryata ni, don kowa a ɗakin haka yake amsa wannan gaisuwar. Aka yanke mini shekara bakwai. Mahaifina bai zo kotu ba, kuma ban sake ganinsa ba, ina ciki ya rasu.

Gidan yari da wuya, amma ba tuwon ba ne ya dame ni, ba kuma cunkoso ba. Damina ce. Da an yi ruwa, daga gandiroba har 'yan ɗakinmu kowa yaya ruwa, yaya ruwa, ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Har suka sa mini suna Kurman Damina. In muka yi layi a famfo, aka tara jarka tana cika, sai in toshe kunnuwana. Akwai wani dattijo da ke ja mana salla, na ce ya yi mini rubutu don ina jin iska ce ta biyo ni daga rafi. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Ba iska ba ce. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Rubutuna ba zai kore shi ba, sai ka je inda ka ɗauko shi."

Da aka sake ni na kwana biyu a gida, na uku na tafi ƙauyen. Na tarar da Sarkin Ruwa a zaurensa, ya tsufa ƙwarai. Ya gane ni. Ya sa aka kawo mini ruwan baƙo a ƙoƙo, ya ce, "Na rafi ne." Na sha, yana kallona har na shanye. Ya ce shekara uku ba a yi su ba a garin, don babu abin da za a kama. Na durƙusa na nemi gafara.

Ya ce, "Nawa na yafe tuntuni. Yaya ce ta sa. Tana kan gargara take cewa kada a taɓa yaron nan, wataƙila bai gane tambayata ba, gaisuwa ya ɗauka."

Da na yi shiru da na tashi da yafiyata cikakkiya. Amma shirun ne ya kai ni inda ya kai ni. Na ce, "Baba, na gane. Na san tambaya take. Ina kallo ta sha."

Ya kau da kai. Ina jin kukan kwaɗi daga rafi. Can ya ce, "Da ka bar ni da maganar Yaya, da na fi samun barci." Ya share ido da bakin riga. "Abin da na yafe na yafe, ba na lashe amaina. Amma ita wanda bai ji ba ta yafe wa. Kai da ka ji, can za ku haɗu." Ya tashi ya shiga gida, bai raka ni ba.

Yanzu na koma zaurena da allurata. Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum, ina yi wa Inna sadaka da abin da ya sawwaƙa. Ku samari masu zuwa rafi da madatsar ruwa da fatsa, ku je, babu laifi, abu ne mai daɗi. Amma ku karɓi izini, ku gai da Sarkin Ruwa, ku ji sharaɗinsa ko da kun fi shi karatu. In kun ga an ɗaure ruwa ku bar shi a ɗaure. Ƙaramin kifi ku mayar da shi, don daga shi na fara. Kada ku ce babu mai gani, akwai wanda zai sha a ƙasa da ku. In kuma har shaiɗan ya riga ya kai ku ga ɓarna, aka tambaye ku, ku faɗi gaskiya nan take, ko da za a ɗaure ku. Ni na yi shekara bakwai na fito, amma shari'ata da Inna Kande ba a fara ta ba tukuna, kuma a can babu gaisuwar da zan ɓuya a bayanta.