Na Bar wa Jirgi Laifi

Jirgin ƙasa ya daina ɗaukar mutane a Lome tun ina goyon fari, amma tsufa ya mantar da Baba. Duk sanda jirgin siminti mai tsallakawa Aflao ya yi kuka, sai ya ɗauki buta da buzun salla.

"Ke, kai ni tasha. Ƙanwata na jirana a Blitta."

"Ya cika, Baba. Sai gobe."

"Kullum ya cika? Kasuwa ce?"

Motar haya na zuwa Blitta, na sani sarai. Rufe rumfata a kasuwar Asigame ne ba na so.

Da labarin rasuwar ƙanwar ya iso, ya share hawaye, ya ce, "Allah sarki, jirgi ne ya hana mu ganawa."

Ni mai baki, ranar sai na bar wa jirgi laifin.