Ƙwaya Biyu a Cikin Kunu

Da safe na dama koko, na tura Zainab da Hauwa makaranta. Malam, mijina, yana wasa wuƙaƙensa a bakin rijiya. Mahauci ne a Kasuwar Shanu. Idonsa jajir. Wata takwas ke nan barci ya ƙaurace masa, tun ranar da aka harbe abokin sana'arsa a gabansa.

Likita ya rubuta masa rabin ƙwayar barci kullum, na mako biyu kawai. Ya ce a bar goro da shayi bayan la'asar, a kashe rediyo, a kwanta lokaci ɗaya, a tashi lokaci ɗaya. In barci ya ƙi, a zauna a ja carbi har ya zo. Ya ja kunnenmu kada a ƙara magani ko kaɗan. Mun bi. Maganin ya ƙare, Malam ya fara samun awa uku. Ni ce na ga abin ba ya sauri. Ina jin juyinsa a kan katifa, zuciyata na ƙuna.

Iliya mai kemis maƙwabcinmu ne a unguwar Dogo Nini. Shekara goma sha biyu suna cin abinci kwano ɗaya da Malam. 'Ya'yana Baba suke ce masa. A ranar, bayan la'asar, na je da takardar likita, na tarar yana ɗaure katifa a kan mota, iyalinsa na ciki. Ya ce biki za su Damagum. Ya buɗe shagon da ya riga ya kulle, ya dubi takardar, ya yi dariya.

"Rabi? Ai na yara ne. Ga mai ƙarfi. Ki murƙushe biyu a kunu, yau zai huta."

Ƙarfe tara na murƙushe su da bayan cokali. Ban gaya wa Malam ba. Tara da rabi yana minshari. Na gode wa Allah.

Sha ɗaya da minti ashirin aka yi harbin farko, ta wajen titi. Karnuka suka ɗauka. Sai ƙarar babura. Sai warin fetur. Daga waje aka yi ihu:

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Na girgiza Malam. Na mare shi. Shekara goma sha biyar ban taɓa faɗin sunansa ba, ranar na kira shi sau uku da ƙarfi: Haruna. Na juye masa ruwan buta. Ya buɗe ido, ya dube ni kamar jariri, ya rufe.

Na kama hannuwansa na ja. Zainab ta kama ƙafa ɗaya. Shekararta goma sha ɗaya. Muka sauko da shi daga gado, muka ja. Rufin gidan da ke jikin namu ya kama da wuta. Aka fara dukan ƙofar zaure da gindin bindiga. Hauwa ta daina kuka, ta tsaya kawai tana kallona.

Na jiƙa bargo na lulluɓe shi. Na ɗora yaran a kan katangar baya. Na bi su.

Mun ratsa gonakin gero babu takalmi. Ƙarfe biyu muka daina jin harbi. Da asuba muka fito titi. Wata motar shanu ta tsaya, muka hau baya tsakanin dabbobi. Ƙarfe bakwai muna Damagum.

A tasha na ga Iliya a bencin mai shayi, yana tsoma burodi. Babu biki. Matarsa ce ta gaya mini, tana kuka. Tun azahar aka bugo masa waya cewa za a kawo hari, a bar unguwar. Ya ji tsoron a ce daga bakinsa maganar ta fito. Ya sani lokacin da yake ƙirga mini ƙwayoyin a tafin hannu. Ba ya ma buƙatar ya faɗa mini komai. Da ya ce ba shi da maganin, da ya isa.

Na tsaya a gabansa. Bai ɗago ba. Na tsane shi a wurin, kuma har yau ban daina ba.

Yanzu ni ce ba na barci. Ina bin abin da likita ya koya wa Malam. An sha yi mini tayin ƙwaya, ban karɓa ba.

Gida bakwai suka ƙone a layinmu, har da namu. Kowa ya fita, har tsohuwar makauniya da jikanta ya goya. Mutum ɗaya ne bai fita ba. An same shi a bakin ƙofar ɗaki, daidai inda ƙarfina ya ƙare.