Tukunyar suna da injinan Hadiza

Tun hantsi ɗiyata Hadiza ta tasa kwamfuta gaba tana tsaki, ko furarta ba ta taɓa ba.

Ita ke kula da manhajar da manoman albasa na Wurno da Goronyo ke duba farashi. Injinan da ke ɗauke da manhajar na haya ne a intanet, ƙungiyar manoman kuwa ta ce in kuɗin hayar bai ragu ba za a rufe manhajar.

Na ce, "Mi ya hwaru?"

"Inna, goma nika bari kunne kullum, don tsoron cunkoson ranar kasuwa. Sauran kwanaki biyu sun isa."

"Ayya, wa ka girka tukunyar suna kullum? Almubazzaranci na. Ba su iya ƙaruwa in mutane sun taru?"

"Suna iyawa da kansu, Inna. Ni ce ban saki jiki ba."

Ta mayar da su biyu. Na ce ta bar uku, gidanmu ba a girki babu rabon baƙo.

Ranar kasuwa na tsaya bayanta ina kallon injinan na ƙaruwa da kansu: uku, biyar, takwas, bayan la'asar sunka koma uku. Ba a rufe ba, alhamdulillahi.

Ku fa, wace tukunya kunka bari bisa wuta don tsoro?