Wanda Ya Karanta Saƙon Baba Makulli

Shekara talatin Baba Makulli yana yanka makullai a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai buga takardu. Aikin ya koya masa zargi. Ko ƙaninsa ya kawo makulli a yi masa kwafi, sai ya tambaye shi na wace ƙofa ne.

Da hannunsa na dama ya fara rawa, likita ya ce ciwon jijiya ne. Bai faɗa wa kowa ba sai babbar 'yarsa da ke aiki a wani gari, ita ma a saƙon waya, don wa zai ba mai rawar hannu kwaɗonsa?

Kwana uku bayan haka mai aski ya leƙo ya ce, "Baba, ya hannun? Allah ya sawwaƙe."

Baba ya amsa da amin. Ya zargi matarsa da fitar da zancen, alhali ba ta ma sani ba. Ya kira 'yar, ta rantse ba ta furta ba. Saura wayar kenan.

Ya kai ta wurin wata mai gyaran waya a bakin titi, ya tsaya a kanta kamar mai gadin tukunya.

"'Yata, saƙon nan idan na tura, wa ke iya buɗe shi a hanya?"

"Akwai manhajar da ke kulle saƙo, Baba, daga kai sai wanda ka tura wa."

"Su da suka ƙera ta fa? Ban taɓa ganin maƙerin da ya manta yadda ya yi kwaɗo ba."

Ta yi dariya, ta ci gaba da dubawa, sai ta daina dariyar. Saƙonninsa a buɗe suke a wata kwamfuta tun makon jiya. Nan Baba ya tuna ranar da maƙwabcinsa mai buga takardu ya haɗa wayar da kwamfutarsa don ya fitar masa da takardar asibiti.

Ta cire haɗin. Ta nuna masa manhaja uku, ya yi ta yi mata tambayoyi har wayar ta yi zafi, sannan ya zaɓi mai goge saƙo da kanta bayan kwana ɗaya.

Bai yi wa maƙwabcin nasa magana ba. Suna gaisawa kullum, kowa na murmushi. Masu kawo aiki ba su ragu sosai ba, sai dai yanzu Baba kan lura suna kallon hannunsa kafin su miƙa makulli.